Jagorar Aiki Tare: Yadda Zaku Haɗa Hannu Ba Tare Da Aiki Ya Zube A Tsakaninku Ba

Duk wanda ya taɓa aiki da mutane ya san maganar nan: "ai na ɗauka wane ya yi." Ita ake ji ranar da aka gano ba a kira kwastoma ba, ko ba a kulle sito ba, ko takardar da ya kamata ta tafi tun shekaranjiya tana nan kan tebur an danne ta da wasu fayiloli. Kuma in ka bi diddigi zaka tarar babu mugu a cikin mutanen, kowa ya zo aiki, kowa ya sha wahala ya koma gida a gajiye, amma dai aikin ya zube tsakanin hannun wannan da hannun wancan. Ni a ganina nan ne ciwon aiki tare yake. Mun cika ɗora laifi kan halin mutane, wane malalaci ne, wance bata jin magana, alhali mafi yawan ɓarnar a wurin miƙa aiki take faruwa, wurin da kowa yake zaton ɗan'uwansa ya riƙe. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannu goma ma basa ɗauka in ba a faɗi wa zai kama wane gefe ba.

Abin da ke tafe ya shafi kowane irin aiki, ofis ne, asibiti ne, wurin gini ne, shago ne, ko aikin rukuni aka baku a makaranta. Kuma ba sai kana shugaba zaka iya amfani da shi ba.

Mataki na 1: Ku fara yarda kan me ake nufi da "an gama"

Kafin kowa ya taɓa komai ku zauna ko na minti goma ne ku amsa tambaya ɗaya, in an gama aikin nan me ido zai gani? Kar ku yarda da amsa irin "a gyara sito". A gyara shi yaya? Shara kawai za a yi, ko a ƙirga kaya a rubuta, ko a ware waɗanda suka lalace? Mutum uku zasu ji "a gyara sito" kowa ya tafi da irin nasa a kai, kuma duk cikinsu babu wanda zaka ce ya yi ƙarya. Ku mayar da shi jimla ɗaya da za a iya dubawa da ido: zuwa ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis an ƙirga kaya an shigar a littafi, lalatattu suna gefe guda da alama a jikinsu.

Ku kuma daidaita ma'auni da kalmomi. Zaka ga kamar ƙaramin abu ne, amma a 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, wato Mars Climate Orbiter, saboda ɓangare ɗaya yana fitar da lissafi da ma'aunin fam irin na Amurka, ɗaya ɓangaren kuma yana karɓar lambobin a matsayin ma'aunin mita da kilo. Dukansu ƙwararru ne fa. Haka yake a ƙananan ayyuka, wani yace "katan ɗaya" yana nufin mai guda 12 wani yana nufin mai 24, wani yace "da safe" yana nufin ƙarfe takwas, wani kuma a wurinsa sha ɗaya ma safiya ce.

Mataki na 2: Kar ku cika yawa

Mutane suna zaton in aiki ya yi nauyi maganinsa a ƙaro mutane. Wani lokacin haka ne, sau da yawa kuma ba haka bane. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya ya auna ƙarfinsu, ya wallafa sakamakon a 1913, abin da ya gani shine duk sanda aka ƙara mutum a kan igiyar ƙarfin da kowa yake sawa yana raguwa, har da suka kai takwas kowannensu kusan rabin ƙarfin da yake sawa shi kaɗai yake bayarwa. Wani ɓangare saboda basa ja a lokaci ɗaya, wani ɓangaren kuma saboda mutum in ya san ba a ganin nasa ƙoƙarin sai jikinsa ya yi sanyi, ko da bai yi niyya ba.

Ga kuma lissafin magana. Mutum 5 hanyoyin magana tsakaninsu guda 10 ne, mutum 10 kuma 45, kaga ninka mutane kayi sau biyu amma wuraren da saƙo zai iya ɓacewa sun ninku fiye da sau huɗu. Shi ya sa Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane kan aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake, don sababbin sai an koya musu, masu koyarwar kuma sune dai waɗanda ya kamata suna kan aikin.

Toh in kun wuce mutum bakwai ko takwas, ku rabu ƙananan rukunoni, kowane rukuni da mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawunsa.

Mataki na 3: Kowane aiki da suna ɗaya a gabansa

In ba zaka ɗauki komai a rubutun nan ba ka ɗauki wannan. Aikin da aka ce "mu yi" ko "a yi" ko "wani ya duba" to ka ƙaddara ba a ba kowa ba. Masana halayyar ɗan adam, John Darley da Bibb Latané, sun nuna tun 1968 cewa mutum yafi saurin kai ɗauki in yana ganin shi kaɗai ne ya ji kiran neman taimako, in ya san akwai wasu da suka ji sai ya tsaya jira, kowa na jiran kowa. Shi ya sa masu koyar da taimakon gaggawa suke cewa kar ka yi ihu "wani ya kira motar asibiti", ka nuna mutum ɗaya da yatsa kace kai, kira.

A aiki ma haka zaku yi. Ku samu takarda ɗaya ko allo ɗaya da kowa yake gani, ku ja layi uku: menene aikin, wa ke da shi, yaushe zai gama. A layin tsakiya suna ɗaya tak. Ba "sashen kuɗi" ba, ba "wane da wance" ba. Mutum biyu ko biyar zasu iya yin aikin tare babu laifi, amma wanda za a tambaya in bai yiwu ba mutum ɗaya ne, kuma ya san shine. A layin ƙarshe kuma rana da lokaci, ba "nan ba da jimawa ba" ko "cikin satin nan".

Sannan sunan ba a ɗora wa mutum shi a bayan idonsa. Sai ya amsa da bakinsa. Ga yadda minti biyar na ƙarshen mitin ya kamata su kasance: mai jan zaman ya ɗauki takardar ya bi layi layi, yace "kiran mai kawo kaya, wa ya ɗauka?" sai wani yace "ni ne, gobe kafin sha biyu zan kira, in bai ɗaga ba zan sanar da ke kafin ƙarfe ɗaya." Shikenan an wuce na gaba. In aka zo layin da aka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, kar a tsallake, wannan shirun shine yake gaya muku aikin da zai zube. Ko dai wani ya ɗauka yanzu, ko a faɗa a fili cewa an ajiye shi ba za a yi ba a wannan satin. Duka biyun sun fi a bar shi yana lilo.

Wajen rabon kuma a duba abu biyu, wa ya iya, da wa ke da sarari. Akwai wani zalunci da ake yi ba a sani ba, duk wurin aiki akwai mutum ɗaya da baya cewa a'a kuma in ya karɓa yana yi, sai a yi ta loda masa har ya gaji ya fara kuskure ko ya ajiye aikin gaba ɗaya, sannan a ce ai wane ya canza. In ka ga suna ɗaya ya fito sau biyar a takardar wani kuma ko sau ɗaya babu, to rabon bai yi ba, a sake. Kai ma da ake lodawa, faɗin "ba zan iya haɗa wannan da wancan kafin Laraba ba, wanne kuke so in fara?" ba rashin kunya bane, taimakon kowa kayi.

Mataki na 4: Ɗan tsayuwa kafin a fara

Kullum kafin a shiga aiki ku tsaya a tsaye minti biyar zuwa goma. A tsaye nace, don in aka zauna hira ake ɓarkewa da ita. Kowa ya faɗi abin da ya gama, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Na ukun nan shine dalilin tsayuwar. In matsala ta taso da take buƙatar dogon bayani, waɗanda ta shafa su tsaya bayan an watse, kar a tsare mutum takwas kan abin da ya shafi biyu.

Kar ka raina irin wannan tsayuwar. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takardar dubawa mai abubuwa 19 don ɗakin tiyata, ana tsayawa sau uku, kafin a sa wa mara lafiya maganin barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. Cikin abubuwan har da kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tabbatar da baki cewa wannan ne mara lafiyan kuma nan ne wurin da za a yi wa aiki. Da aka gwada a asibitoci takwas a ƙasashe daban daban, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, manyan matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ba sabon inji aka kawo ba, likitocin ma sune dai. Faɗin sunan nan yana da amfanin da ba kowa ke lura ba, wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a gaban manya yafi samun ƙarfin halin sake buɗewa in ya hango matsala.

In aikin babba ne ku ƙara da wata dabara da masanin halayyar ɗan adam Gary Klein ya yaɗa: ku ɗauka an riga an gama aikin kuma ya lalace, kowa ya rubuta shi kaɗai me yake ganin ya jawo, sannan a karanta. Zaka sha mamakin abubuwan da mutane suka daɗe da hangowa suka yi shiru.

Mataki na 5: A maimaita magana, kuma ƙarami ya iya cewa a tsaya

Ranar 27 ga Maris 1977 jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu, har yau ba a yi hatsarin jirgi da ya ci rayuka haka ba. Hazo ya rufe filin, basa ganin juna. Kyaftin ɗin KLM ya fara gudun tashi yana zaton an bashi izini alhali ba a bayar ba, kalmomin da aka yi ta rediyo suna iya ɗaukar ma'ana biyu, wani saƙon kuma ya haɗu da wani bai fito ba. Abin da yafi tsaya min a rai shine injiniyan jirgin KLM da ke zaune a bayan matuƙan ya yi tambaya, anya jirgin Pan Am ya bar titin kuwa? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa eh, shi kuma bai sake magana ba. Kyaftin ɗin babba ne ƙwarai, shi ke jagorantar horar da matuƙa irin wannan jirgin a kamfanin. Mutumin da ya hango gaskiya yana cikin ɗakin, amma girman na gaba ya danne muryarsa.

Bayan wannan da wasu haɗurran aka sauya yadda ake horar da ma'aikatan jirgi, aka tsaurara kalmomin rediyo, aka fara koya wa na ƙasa yadda zai ja hankalin na sama da kuma koya wa na sama yadda zai saurara. Abu biyu zamu ɗauko daga nan.

Na farko maimaitawa. In aka baka umarni mai lamba, ko lokaci, ko suna, kar kace "toh" kawai. Ka mayar da shi da bakinka: "katan 40, sito na biyu, kafin ƙarfe uku ko?" shi kuma yace "haka ne" ko ya gyara. Daƙiƙa biyar ce. "Toh" bata nuna ka fahimta, tana nuna ka ji ƙara ne kawai. In kai ne mai bada umarnin kar ka tambaya "ka gane?" don kowa eh zai ce, kace "faɗa min yadda zaka yi in ji ko na yi bayani da kyau", kaga ka ɗauke masa kunyar ka ɗora wa kanka.

Na biyu, yadda ƙarami zai yi magana ba tare da ya ci fuskar babba ba. Akwai tsari, kuma yana aiki. Ka kira shi yadda ka saba girmama shi, ka faɗi cewa hankalinka bai kwanta ba, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka kawo shawara, ka nemi amsa. Misali: "Yallaɓai, akwai abin da bai kwanta min ba. Lambar da ke jikin rasit ɗin nan ba ita ce a littafi ba. Ina ganin mu dakata da lodi minti biyu in duba, ko ya ka gani?" Babu raini a ciki, kuma babu kewaye-kewaye. Hannunka mai sanda baya aiki lokacin gaggawa, in kace "oga anya kuwa..." ka yi shiru, zai ce eh ne ya wuce. In ya ƙi ji kuma abin ya shafi rai ko babbar asara, ka sake faɗa karo na biyu da kalmomin da suka fi fitowa fili.

Nauyin da yafi girma dai yana kan shugaba. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyawun shugabanci da zaman lafiya sune aka fi samun rahoton kuskure a wurinsu, da ta bincika sai ta gane ba wai sun fi yin kuskure bane, sun fi faɗa ne, sauran ɓoyewa suke don tsoro. Kamfanin Google ma da ya fara nazarin rukunoninsa guda 180 a 2012, abin da ya fito a sahun gaba shine ko mutum yana jin zai iya tambaya ko ya faɗi kuskure ba tare da an wulaƙanta shi ba. A masana'antun Toyota kuwa akwai igiya ko maɓalli da kowane ma'aikaci zai iya ja ko ya danna in ya ga matsala, shugaban layin ya taho, in ba a warware ba layin ya tsaya. Saboda haka in kai ne babba, ranar farko da wani ya kawo maka labari mara daɗi ita ce jarabawarka, kowa yana kallon fuskarka. In ka balbale shi da faɗa, wallahi ka rufe ƙofar, daga ranar sai dai ka ji matsala bayan ta gama ɓarna. Ka fara da "na gode da ka faɗa da wuri", ku gyara, maganar wa ya jawo ta biyo baya a keɓe.

Mataki na 6: Miƙa aiki

Canjin shifta, tafiya hutu, mayar da mutum wani sashe, duk nan ne ramin yake. Wanda zai tafi ya gaji hankalinsa ya riga ya yi gida, wanda ya zo bai gama shigowa ba, sai a haɗu a bakin ƙofa ace "komai lafiya lau" a rabu. Bayan awa biyu sai waya ta fara ƙara.

Ka ware minti biyar, ku tsaya a gaban aikin da kansa, takarda a hannu. Ka fara da abin da yafi haɗari ko gaggawa, ba da abin da ya fara faruwa da safe ba. Sai halin da ake ciki a taƙaice, sai abubuwan da suka rage da lokacin kowanne, sai kuma abin da aka fi mantawa da shi, wato in kaza ya faru ka yi kaza: "injin na biyu yana ɗaukar zafi, in allurar ta wuce jan layin nan kashe shi ka kira makanike, lambarsa na manne a jikin allo. Akwai wata mata da zata dawo karɓar kaya da yamma, ta biya rabi, rasit ɗin yana cikin durowa ta sama." Daga nan wanda ya karɓa ya maimaita da bakinsa. Wani tsarin miƙa aiki mai kama da wannan da aka gwada tsakanin likitocin yara a asibitoci tara na Amurka da Kanada, sakamakon 2014 ya nuna kurakuran jinya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, kuma matakinsa na ƙarshe shine mai karɓa ya taƙaita abin da ya ji.

Guruf ɗin WhatsApp yana da amfani amma ba wurin ajiye shawara bane, saƙo mai muhimmanci yana nutsewa ƙarƙashin gaisuwa da hotuna. Abin da aka yanke a mayar da shi takardar nan mai layi uku. Kuma alamar an karanta ba amsa bace, in abu na gaggawa ne ɗaga waya ka kira. Saƙon murya na minti shida kuma don Allah a rage, ba mai iya komawa ya nemo lamba a cikinsa.

Mataki na 7: In an fara samun saɓani, ko wani ya saki igiya

Za a samu, kar ka tsorata. Bruce Tuckman ya bayyana tun 1965 cewa rukuni yakan bi matakai, farko kowa na ɗari-ɗari ana ladabi, sai a shiga lokacin gutsiri tsoma, sannan a daidaita kan ƙa'idoji, sannan aiki ya kankama. Ba kowane rukuni ke bin su a jere haka ba, amma sanin cewa rigimar farko ba alamar rushewa bace yana hana mutane yanke ƙauna da wuri.

Ka rarrabe musu kan aiki da musu kan mutum. Ace hanyar nan tafi waccan, wannan lafiya ne har ma ana so. Amma da an koma "kai dama haka kake" to an bar aiki. In musun aiki ya ƙi ƙarewa a koma jimlar mataki na farko, wacce hanya ce zata kai mu can a kan lokaci? In har yanzu an kasa, wanda sunansa ke kan aikin ya yanke bayan ya ji kowa, wanda ba a ɗauki shawararsa ba kuma ya bi da zuciya ɗaya, ba ya koma gefe yana jiran abin ya lalace yace ai na faɗa ba.

Wanda baya kawo nasa kuma, kar a fara da gulmarsa, kar kuma a yi shiru a riƙa yi masa aikin ana cika ana batsewa, barin kashi a ciki baya maganin yunwa. Mutum ɗaya ya same shi su biyu, ya faɗi abin da ya faru ba halinsa ba: "rahoton da kace Talata bai zo ba sai Alhamis, wance ta kwana tana jira bata iya rufe lissafi ba, lafiya dai ko?" Sai ka yi shiru ka saurara da gaske. Sau tari zaka tarar bai iya aikin bane yana jin kunyar faɗa, ko an loda masa wani daga wani wuri, ko akwai rashin lafiya a gida. Kowanne da maganinsa. Ku tsayar da sabon lokaci, ku rage girman abin da zai kawo a karo ɗaya don a riƙa ganin motsi. In an yi haka sau biyu sau uku babu canji, a kai maganar gaba, kuma a gaya masa za a kai. Kyale mutum ɗaya yana hutawa a kan wuyan sauran shine yake kashe gwiwar masu ƙoƙarin, su kuma basa faɗa, raguwa kawai suke yi a hankali.

Yabo kuma a fili, da suna, da abin da aka yi. "Sannunku da ƙoƙari" kowa ya san gaisuwa ce. Amma kace wance ce ta gano kuskuren lambar nan kafin mota ta tashi, wannan yana zama a zuciya. Ka riƙa tuna masu aikin da ba a gani, mai shirya kayan aiki, mai rubuta abin da aka tattauna, mai share wurin bayan kowa ya tafi. In kai ne ka kai aikin gaban manya, ka ambaci sunayensu a can ma.

Mataki na 8: Zaman minti goma sha biyar bayan an gama

Yawanci da an gama ake watsewa, sai a sake faɗawa rami ɗaya a aiki na gaba. Rundunar sojan Amurka tana da wani zama da take yi bayan atisaye ko aiki, kamfanoni da asibitoci da yawa sun ara, tambayoyi huɗu ne: me muka yi niyya, me ya faru a zahiri, me ya jawo bambancin, me zamu riƙe ko mu canza. A yi shi da zafi-zafinsa, ranar ko washegari, kafin kowa ya gyara labarin a kansa. A yi shi ko aikin ya yi kyau, don nasarar da ba a san dalilinta ba ba a iya maimaita ta.

Ƙananan su fara magana, shugaba ya zo a ƙarshe, in ya fara kowa bayansa zai bi. Tambayar kuma ta zama "me ya sa a lokacin aka ga kamar hakan ne daidai?" maimakon "wa ya yi?", don ta farkon tana fito da inda tsarin ya yoye, ta biyun kuma kare kai kawai take jawowa. Kar ku fito da gyara goma, ba za a yi ko ɗaya ba. Ku zaɓi ɗaya ko biyu, misali daga yau duk odar da aka karɓa ta waya sai an maimaita wa mai ita adadi da rana kafin a kashe, ku rubuta a saman takardar aiki na gaba da sunan wanda zai bibiya da ranar da za a duba ko ana yi, in an zo tsayuwar safe ta farko shi za a fara karantawa.